Katin gaisuwa daga baƙon da ba ka taɓa gani ba: Maganin kewa da ke gidan waya

A wannan mako za mu ɗan ajiye maganar ƙwaya da allura, mu leƙa gidan waya.

Bari in fara da tambaya, ya mai karatu. Yaushe rabon da a miƙo maka takarda da sunanka a kai, rubutun hannu, wadda ba ta kuɗin wuta ba ce, ba ta kuɗin makarantar yara ba, ba kuma sammaci ba? Da yawanmu sai mun yi dogon tunani. 'Ya'yanmu kuwa akasarinsu ba su taɓa riƙe kan sarki a hannu ba, balle su san inda ake manna shi.

A daidai wannan zamani da wayar hannu ta cinye wasiƙa, akwai dubban ɗaruruwan mutane a duniya da suka mayar da aika katin gaisuwa ta gidan waya abin sha'awarsu. Mutum zai zauna a Jamus ko Japan, ya ɗauki kati mai hoton garinsu, ya rubuta layi huɗu ko biyar a bayansa, ya aika wa wanda bai taɓa gani ba. Bayan 'yan makonni shi ma wani daga wata ƙasa daban ya aiko masa nasa. Kana iya cewa aikin marasa abin yi ne. Abin da ya sa na kawo maganar wannan shafi shi ne, likitoci sun gwada wannan ɗan kati a kan marasa lafiya, kuma abin da suka samu ya isa a tsaya a duba. Ina kuma ganin akwai gidaje da yawa a Keffi da kewaye da za su amfana da shi.

Kaɗaici a tsakiyar jama'a

Duk wanda ya daɗe yana aiki a kantin magani ya san wasu irin masu zuwa. Akwai dattijo ɗan fansho da zai zo a auna masa jini sau uku a mako, alhali awon lafiya lau yake, in an gama sai ya ja kujera ya zauna. Akwai uwargida mai neman maganin barci da na ciwon jiki, in ka bi ta a hankali sai ka tarar maigida yana fita tun asuba zuwa aiki Abuja, cunkoson Nyanya da Mararaba ba ya barinsa ya dawo sai bayan isha'i, ita kuma danginta suna can Katsina ko Gombe. Akwai ɗalibar Jami'ar Jihar Nasarawa da ta zo daga nesa, tana da abokai dubu a Facebook, amma ba ta da wanda za ta gaya wa cewa kwana uku ke nan ba ta runtsa ba. Dukansu magani suka zo saye, amma rabin abin da ya kawo su hira ce.

Mukan ɗauka kaɗaici ciwon Turawa ne, tunda mu muna da dangi da maƙwabta, ga biki ga suna. Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. A watan Yunin 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton kwamitin da ta kafa a 2023 kan wannan matsala. Rahoton ya ce mutum 1 cikin 6 a duniya yana fama da kaɗaici, kuma ana danganta matsalar da mutuwar mutum kusan 871,000 a kowace shekara. Matasa ne suka fi kowa kokawa da ita. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kashi 24 cikin 100 ne suka ce suna jin kaɗaici, a ƙasashe masu arziki kuwa kashi 11 ne.

Kafin nan, a 2010, wata masaniya a Amurka mai suna Julianne Holt-Lunstad da abokan aikinta sun tattara nazari 148 da aka yi a kan mutum sama da 300,000. Suka gano cewa masu kyakkyawar hulɗa da jama'a sun fi waɗanda suka keɓe damar ci gaba da rayuwa da kashi 50 cikin 100 a tsawon lokacin da aka bi diddiginsu. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar keɓewa da ta shan karan sigari har 15 a rana. Birtaniya ma tun 2018 ta naɗa minista da aka ɗora wa nauyin wannan batu.

Yadda abin yake aiki a jiki ba boyayye ba ne. Mutumin da yake jin ba shi da kowa, jikinsa yakan zauna cikin shirin ko-ta-kwana. Sinadaran fargaba su yi yawa a jini, bugun zuciya da hawan jini su ƙaru, barci ya riƙa yankewa. Ga kuma abin da mu masu harhaɗa magunguna muke gani kullum: wanda ba mai tambayarsa ya fi saurin barin shan maganin hawan jini ko na ciwon suga, domin ba mai cewa, “Baba, ka sha na safe kuwa?”

Abin da likitoci suka gano game da kati

Wani likitan ƙwaƙwalwa a birnin San Francisco na Amurka, Jerome Motto, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma san yadda wasiƙa daga gida take riƙe zuciyar wanda ke nesa. Daga 1969 zuwa 1974 ya bi diddigin mutanen da aka kwantar a asibiti saboda matsananciyar damuwa ko tunanin halaka kansu. Daga cikinsu mutum 843 sun ƙi komawa ganin likita bayan an sallame su. Sai ya raba su gida biyu. Kashi ɗaya aka ƙyale su, ɗaya kashin kuma aka riƙa aika musu gajeriyar wasiƙa, har guda 24 a cikin shekara 5. Wasiƙar ba ta ɗauke da wa'azi ko umarni, ba ta kuma neman komai a wurinsu. Gaisuwa ce kawai, da fatan suna lafiya, da sanar da su cewa in suna son rubutowa za a yi farin ciki. A shekara 2 na farko, wato lokacin da haɗarin ya fi yawa, waɗanda suka halaka kansu a cikin masu samun wasiƙa ba su kai na ɗaya kashin ba.

A 2005 Gregory Carter da abokan aikinsa a birnin Newcastle na Ostireliya sun maimaita gwajin da kati. Sun ɗauki mutum 772 da aka kawo asibiti bayan sun sha guba ko ƙwayoyi fiye da ƙima da gangan. Rabinsu aka aika musu kati 8 a cikin wata 12. Yawan mutanen da suka sake aikatawa bai bambanta sosai ba, amma yawan lokutan da aka sake aikatawar ya ragu da kusan rabi a wurin masu samun kati. A 2011 kuma aka buga sakamakon irin wannan gwaji daga asibitin Loghman Hakim da ke Tehran, babban birnin Iran, a kan mutum 2,300, inda kati 9 a shekara suka rage tunanin halaka kai da yunƙurinsa.

Ba ko'ina aka samu irin wannan sakamako ba. Wani gwaji da aka yi a Niyu Zilan bai ga bambanci ba. Saboda haka kar a ɗauki kati a matsayin maganin ciwon damuwa. Darasin da ke ciki dai shi ne, ɗan saƙon da ke zuwa a kai a kai, daga wanda ba ya neman komai a wurinka, yana da nauyi a zuciya fiye da yadda muke tsammani. Bahaushe ya riga ya faɗa, mutum rahama ne.

Mu ma mun san wannan al'ada

Gaisawa da baƙon da ba a taɓa gani ba ta hanyar takarda ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, ƙarƙashin Abubakar Imam, masu karatu suke aiko da wasiƙu daga garuruwa daban-daban, wani ya rubuta wani ya ba shi amsa. Sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Rediyon Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, kuma shekara da shekaru wasiƙun masu sauraro ne suka riƙe shirye-shirye irin su Amsoshin Takardunku.

Sai kuma uwa uba, Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. Tambayi iyayenka su ba ka labari. Mutum zai sayi kati, ya jera sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya aika, ya kasa kunne. Tela a Keffi ya gaida direba a Gusau, ɗan kasuwa a Maraɗi ya gaida malamin makaranta a Yola, alhali sunan juna kawai suka sani. Daga nan aka kafa ƙungiyoyin zumunta, aka fara ziyarar juna, ana zuwa biki da ta'aziyya. Abin da Turawa da mutanen Asiya suke yi yau da katin gidan waya ɗan'uwan wannan ne, sai dai nasu ya game duniya.

Yadda musayar take tafiya

Katin da ake aikawa ba tare da ambulan ba ya fara fita ne ranar 1 ga Oktoba, 1869, a daular Ostiriya da Hungari, bisa shawarar wani malamin tattalin arziki mai suna Emanuel Herrmann, wanda ya nemi a samar wa jama'a hanyar aika gajeren saƙo mai arha. A 1874 aka kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a birnin Bern na Suwizalan. Yarjejeniyarta ce ta sa kan sarkin da ka saya a Keffi yake iya kai takardarka har ƙofar gidan wani a Finlan, ba tare da an sake karɓar ko kwabo ba. A Najeriya hukumar NIPOST ce ke da wannan aiki tun da aka raba gidan waya da sashen tarho a 1985.

Babbar hanyar musayar kati da baƙi a yau ita ce Postcrossing, wani shiri da wani ɗan ƙasar Fotugal mai suna Paulo Magalhães ya buɗe ranar 14 ga Yuli, 2005, lokacin yana ɗalibi. Dalilinsa mai sauƙi ne: yana son buɗe akwatinsa ya tarar da saƙo. Yau shirin yana da mambobi sama da 800,000 a ƙasashe da yankuna fiye da 200, kuma katunan da suka isa hannun masu su ta wannan hanya sun haura miliyan 70. Jamus ce kan gaba wajen aikawa, sai irin su Amurka da Rasha da Holan da Finlan.

Rajista kyauta ce, ana yin ta a shafinsu na intanet. Bayan ka yi rajista sai ka nemi adireshi, na'ura ta zaɓo maka wani mamba a ko'ina a duniya, ta ba ka adireshinsa da ɗan bayanin abin da yake so, tare da wata lamba. Lambar tana farawa da haruffan ƙasar mai aikawa, namu NG ne. Sai ka rubuta wannan lamba a jikin katin ka aika. In ya isa, wanda ya karɓa zai shigar da lambar a shafin, galibi da ɗan saƙon godiya. Daga nan sai a ba wani mamba daban adireshinka, shi ma ya aiko maka. Wanda ka aika wa daban, wanda zai aiko maka daban. Sabon shiga yana iya samun kati 5 a kan hanya a lokaci guda, adadin yana ƙaruwa gwargwadon yawan da ya aika. In kati ya kwana 60 bai isa ba, ana ba ka damar aika wani a madadinsa.

Mambobi daga Afirka ta Yamma kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya sa kati mai kan sarkin Najeriya abin nema ne. Akwai waɗanda suka tara katuna dubbai amma ba su da ko ɗaya daga ƙasarmu.

Ina za a samu kati, me za a rubuta?

Katin da aka buga don sayarwa yana da wuyar samu a Keffi, sai dai a wasu shagunan littattafai da na kayan tsaraba a Abuja. Amma ba sai ka je can ba. Ɗauki hoto mai kyau da wayarka, ka kai wa masu buga katin biki su buga maka a takarda mai kauri, faɗin santimita 10, tsawon 15. Bayan katin a bar shi fari. Ka ja layi a tsakiya, hagu saƙo, dama adireshi, kan sarki a kusurwar sama ta dama.

Abin ɗauka kuwa ba ya ƙarewa. Ga fadar Sarkin Keffi da hawan sallah. Ga Dutsen Maloney, wanda ke ɗauke da sunan Baturen da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe a 1902, lamarin da Turawa suka sa cikin hujjojinsu na yaƙar Kano a 1903. Ga Kwalejin Gwamnati ta Keffi, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu. In ka fita gari ga Farin Ruwa a Wamba, ga duwatsun Eggon, ga masu dafa gishiri a Keana. Tulin doya a kasuwa, buhunan riɗi, kwandon mangwaro, tukunyar masa a kan wuta, duk abin da idonka ya saba da shi har ka daina ganinsa, shi ne wanda ke Japan bai taɓa gani ba. Sai dai ka nemi izinin mutum kafin ka ɗauke shi hoto, ka kuma nisanci barikin soja da shingen jami'an tsaro.

Saƙon ba ya son tsawo. Turanci mai sauƙi ya isa, domin yawancin masu karɓa su ma ba harshensu ba ne. Rubuta kwanan wata, da yanayin gari, ko hunturu ne ko bazara ko damina. Faɗi abin da aka dafa a gidanku yau. Koya masa kalma ɗaya ta Hausa, kamar “sannu” ko “na gode”, ko ka ba shi karin magana da ma'anarta. Adireshi kuma a rubuta shi da manyan baƙaƙe, da biro wanda ruwa ba ya wankewa, sunan ƙasa a layin ƙarshe.

Kai katin gidan waya da kanka, a gaya maka kuɗin kan sarkin ƙasar da za shi, domin farashi yana sauyawa. Ka roƙi a ba ka kan sarki masu hoto, masu karɓa suna son su ƙwarai. A halin da ake ciki kuɗin aikawa waje ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali, don haka kar a mayar da abin gasa. Kati ɗaya a wata ya isa. Sannan a sa haƙuri, tafiyar takan ɗauki makonni, wani lokaci fiye da wata, wani katin ma ya ɓace a hanya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ribar da gida zai samu

Ga yara, kowane kati darasi ne da ba a kira shi darasi ba. Manna taswirar duniya a bango, duk katin da ya zo a nemo ƙasarsa a sa alama. Yaron da ya ƙi rubutu a aji zai zauna ya gyara hannunsa in ya san wata tsohuwa a Kanada za ta karanta. Wani nazari da aka yi a Norwe, aka buga a 2024, ya nuna cewa rubutu da hannu yana sa sassan ƙwaƙwalwa su yi aiki tare fiye da danna madannan kwamfuta. Ga kuma koyon jira, abin da waya ta raba 'ya'yanmu da shi. Yaron da ya saba da amsa cikin daƙiƙa zai koyi cewa wani abin alherin sai an yi mako shida ana dakonsa.

Ga dattijo, kati dalili ne na sa riga a fita. Tafiya zuwa gidan waya motsa jiki ne, a can kuma zai gaisa da mutane. In idonsa ya yi rauni, shi ya faɗa, jika ya rubuta, kun ga an samu hira tsakanin kaka da jika wadda ba talabijin a tsakani.

Ga uwargida mai yini ita kaɗai, abu ne da za ki yi a ɗakinki cikin minti 10, ki kuma samu abin sa rai. Ki shawarci maigida, a buɗe rajistar da sunan iyali, kowa ya san da ita. Wani alherin kati shi ne a buɗe yake tafiya. Ba ambulan, ba sirri, duk wanda ya ɗauka zai karanta. Wannan ya bambanta shi da hirar ɓoye ta waya da ke raba aure da lalata tarbiyya.

Sai an yi hattara

Baƙo baƙo ne, ko a takarda. Ga ƙa'idojin da nake ba kowane gida shawara a kansu.

Na farko, kar a ba da adireshin gida. A kama akwatin gidan waya, ana biyan kuɗinsa shekara-shekara, gida biyu ko uku suna iya haɗuwa a kan ɗaya. Dama yawancin unguwanninmu ba lambar gida, akwatin ya fi tabbas. Malamin makaranta yana iya buɗe wa ajinsa da adireshin makaranta, da izinin shugabanta.

Na biyu, yaro ba ya riƙe rajista shi kaɗai. Shafin yana da wurin aika saƙo tsakanin mambobi, don haka babba ne zai riƙe kalmar sirri, shi zai karanta duk abin da ya shigo. Kar a rubuta cikakken sunan yaro, ko makarantarsa, ko lambar waya, kar kuma a aika hotonsa.

Na uku, ba maganar kuɗi. Duk wanda ya fara da gaisuwa ya ɓuge da alkawarin biza, ko aiki a waje, ko aure, ko wata kyauta da sai ka biya kuɗin fito, ɗan damfara ne, a yanke hulɗa nan take. Mu ma kar mu roƙi kowa komai. Sunan Najeriya ya sha wahala a hannun masu wasiƙun damfara, kowane kati mai tsabta da ya fita daga nan yana ɗan wanke shi.

Na huɗu, wannan kuma daga ɓangaren aikina ne: kar ka yarda wani ya aiko maka magani ko ƙwayar ƙarin kuzari, kar kuma ka karɓi wani ƙunshi don ka miƙa wa wani. Ba ka san abin da ke ciki ba, kuma sunanka ne a jiki in jami'an NDLEA ko na kwastan suka buɗe.

Na biyar, a bar gardamar addini da siyasa. Za ka haɗu da mai addini irin naka, da mai wani daban, da marar addini. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. In akwai irin hotunan da ba ka so a aiko gidanka, ka rubuta haka a bayaninka cikin ladabi, akasarin mambobi suna kiyayewa.

Inda kati ba ya isa

Kewa daban, ciwon damuwa daban. In mutum ya kai mako 2 ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, barci da cin abinci sun rikice, yana ganin kansa ba shi da amfani, ko yana maganar gara ya mutu, wannan ya wuce gaisuwa. A kai shi asibiti, Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi ko babban asibiti mafi kusa, a kuma kawar da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai. Ciwo ne kamar kowane ciwo, yana da magani, ba kuma raunin imani ba ne.

Ina kuma roƙon masu zuwa neman maganin barci ba da takardar likita ba, ku yi haƙuri in an hana ku. Ƙwayoyi irin su diyazefam suna kama jiki cikin 'yan makonni, barinsu kuma ya zama aiki. Suna sa barci, amma da safe kewar tana nan inda aka bar ta.

A fara daga gida

Ka tuna waɗanda likita Motto ya rubuta wa. Mutane ne da suka juya wa asibiti baya, ba su nemi kowa ba, wasu ma ba su taɓa ba da amsa ba, amma aka ci gaba da aika musu. Kowannenmu yana da irin wannan mutum a dangi. Gwaggo da mijinta ya rasu, 'yan zaman makoki suka watse. Ƙane da ke bautar ƙasa a wata jiha mai nisa. 'Yar da aka kai makarantar kwana. Tsohon malaminka na firamare. Abokin da ya rasa aiki ya daina ɗaukar waya.

In za a buga kati, a buga biyu. Ɗaya ya tafi wurin baƙon da ke ƙetare, ɗaya wurin na gida. Na gidan ba sai ya bi ta gidan waya ba in babu hali, ana iya ba direban tasha ko ɗan'uwa mai tafiya. In akwai maganar rashin lafiya ko wani sirri, a sa shi a ambulan. Kar a cika shi da nasiha, kar a yi ƙorafin an daina zumunci, kar a nemi amsa. A gaishe shi, a ce an tuna da shi, bayan wata ɗaya a sake. Saƙon waya yakan nutse a ƙarƙashin ɗaruruwan saƙonni kafin dare, kati kuwa ana soke shi a jikin madubi ko a sa shi cikin littafi, a ɗauko a sake karantawa ranar da zuciya ta yi nauyi. An ce zumunta a ƙafa take. Inda ƙafa ba ta samu zuwa ba, hannu ya rubuta.

Ga mai neman ranar farawa, 1 ga Oktoba ta dace. Ita ce Ranar Katin Gidan Waya ta Duniya, ita ce ranar da Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, ita ce kuma ranar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. Da yake ranar hutu ce, sai a zauna da yara a rubuta, washegari a kai gidan waya. Wanda kuma ya ga ranar ta yi masa nisa, Asabar ɗin nan ma rana ce.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya sa mu zama sanadin farin cikin wani. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.